Tsanin ƙarin girma na manajojin nas-nas: me ake nufi da shi, kuma wa zai shafa?

In aka ce asibiti zai kafa wa manajojin nas-nas tsanin ƙarin girma, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce, to ba su ne a sama ba dama? Wanda ya riga ya zama oga wane tsani kuma yake nema? Su kansu ma'aikatan jinya da yawa haka suke kallon abin, wasu na ganin dabara ce kawai ta ƙara wa manya alawus, wasu kuma na ganin ƙarin cike fom ne za a jibga wa mutanen da dama aiki ya sha musu kai. Amma in ka duba yadda aikin yake a zahiri, nas ɗin da aka ba riƙon wod tana iya shafe shekara goma ko sha biyar a kujera ɗaya da suna ɗaya, ko da kuwa wod ɗin da take riƙewa yau ta ninka ta farko wahala, kuma hanya ɗaya tal ta gaba ita ce ta jira wata ta sama ta yi ritaya ko ta bar aiki. Wannan tsayawar ita ce tushen maganar gaba ɗaya.

Su waye ake magana a kansu

Da farko dai a raba sunaye, don yawancin ruɗanin daga nan yake. Akwai mai riƙon shif, wato nas ɗin da ke jagorantar 'yan uwanta na awannin aikin nan kawai, da safe ko da dare, in ta miƙa aiki ta tafi gida nauyi ya sauka daga kanta. Manaja daban ce. Ita ce wasu wurare ke kira in-caj, wasu sista mai wod, kuma alhakin wod ɗin yana wuyanta awa 24, ranar hutu ma haka. Ita ke tsara rosta, wato jadawalin aikin ma'aikata, ita ke raba hutu, ita ke bin kayan aiki da magunguna, ita ke karɓar sababbin ma'aikata ta koya musu yadda ake yi a wurin, ita ke amsa ƙorafin dangin mara lafiya, in an yi kuskuren magani ita za a fara kira, a asibitoci da yawa har kasafin kuɗin wod ɗin yana hannunta. Sama da ita akwai masu kula da wod da yawa a haɗe, irin su metiron ko darakta, sannan can ƙoli babbar shugabar nas-nas ta asibitin baki ɗaya wadda ke zama a teburin masu yanke shawara. Za a ga ina cewa ita, ita, saboda kusan kashi 90 cikin 100 na nas-nas a duniya mata ne, amma maza na ciki.

Shi kuma tsani, abin da ake nufi shi ne rubutaccen tsari mai matakai, kowane mataki an faɗi abin da ake so mutum ya iya kafin ya taka shi, da wanda zai tantance, da abin da zai canza in ya taka, na albashi ko iko ko nauyi. Ya bambanta da firamoshin ɗin da aka saba na lissafin shekaru, inda in ka cika shekara kaza a lebul ɗinka ka zauna jarrabawa sai a matsa da kai. Ya kuma bambanta da jiran gurbi. A tsani na gaskiya manaja tana iya hawa daga mataki na ɗaya zuwa na uku tana nan a wod ɗinta ba ta canza ofis ba, abin da ya canza shi ne ƙwarewarta da girman abin da aka damƙa mata.

Yadda aka zo nan

Abin mamakin shi ne tsanin an fara gina shi ne don kada kowa ya gudu zuwa kujerar manaja. A da, nas mai hannu da kyau in tana son ƙarin albashi ba ta da wata hanya sai ta bar gadon mara lafiya ta koma ofis ko koyarwa. A 1972 wata malamar jinya a Amurka, Marie Zimmer, ta kawo shawarar a yi wa masu aiki a bakin gado nasu tsanin, yadda za su ci gaba suna nan suna jinya. Bayan shekara goma, a 1982, Patricia Benner ta fitar da bayanin da har yau ake dogaro da shi, cewa nas tana bin matakai biyar ne daga sabon shiga zuwa gwana, ta ɗauko tsarin daga aikin 'yan uwa biyu masu suna Dreyfus da suka yi nazari kan yadda matuƙan jirgin sama da 'yan wasan dara irin na Turawa ke ƙwarewa. Wani abu a cikin bayanin nata ya shafi maganarmu kai tsaye, wato gwanar da aka ɗauke daga fagen da ta sani aka kai ta sabon fage tana komawa sabon shiga ne. Nas ɗin da ta yi shekara goma a ɗakin kulawa ta musamman tana iya gane mara lafiya zai rikice tun kafin na'ura ta yi ƙara, amma ranar da aka ba ta kasafin kuɗi da ma'aikata arba'in da rigimar rosta, 'yar koyo ce. To asibitoci suka rungumi tsanin bakin gado, na manajoji kuma aka bar shi a baya, kamar an ɗauka wadda ta iya allura ta iya mutane.

Birtaniya ta bi ta wata hanyar, kuma tarihinta darasi ne kan yadda tsani ke iya karkacewa. Rahoton kwamitin Salmon na 1966 ya kawo matakan shugabancin nas-nas masu lamba, daga sista mai wod har zuwa babbar jami'a, a hankali tsohuwar kujerar metiron ta ɓace. Tsani kam an samu, sai dai sukar da aka riƙa yi masa ita ce duk matakin da ka hau yana ƙara nesanta ka da mara lafiya, ƙwararrun sistoci suka koma masu zaman ofis don can ne kuɗin yake. A 1983 rahoton Roy Griffiths, mutumin da ya fito daga kamfanin manyan kantuna na Sainsbury's, ya sake juya abin, ya ce a kawo manajoji na gama-gari su riƙe asibitoci, shi ne ma ya yi zancen nan da ya shahara cewa da Florence Nightingale, shahararriyar nas ɗin nan ta zamanin da, za ta ratsa asibitocin da fitilarta, da mai riƙe da ragama za ta yi ta nema. Daga nan manyan nas-nas da dama suka rasa ikon da suke da shi a sama. Sai wajen 2001 aka dawo da metiron a sabon salo, saboda jama'a na kukan ba su san wa za su kama ba in wod ta yi datti ko an yi sakaci. Wato cikin shekara 35 an soke kujera, an gina tsani, an rage masa ƙarfi, an dawo da kujerar.

A Amurka kuma akwai binciken 1983 da ya duba asibitoci 41 waɗanda ke riƙe nas-nas ɗinsu a lokacin da sauran ke fama da ƙarancin ma'aikata, aka kira su asibitocin Magnet, wato masu jan ma'aikata kamar maganaɗisu. Cikin abubuwan da aka gano suna da su har da nagartar shugabancin jinya da salon manajojin da ke sauraron na ƙasa. Daga baya aka mayar da abin lambar yabo da asibitoci ke nema, na farko ya samu a 1994 a birnin Seattle.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai nas-nas miliyan 27.9 a duniya, su ne kusan kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma duk da haka akwai giɓin miliyan 5.9, kuma ɗaya cikin shida ana sa ran za ta yi ritaya cikin shekara goma. Masu ritayar nan ai ba sababbin shiga ba ne, a cikinsu manajoji da metiron suke. Sai korona ta zo ta ƙara gajiyar da mutane, manajoji su ne suka tsaya a tsakiya, sama na cewa a cike gurbi da abin da ake da shi, ƙasa na cewa mun gaji, su kuma ba su da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya. Ƙananan nas-nas suna kallon wannan, shi ya sa a wurare da yawa in an tallata kujerar manaja masu nema ba su da yawa, kowa ya ga wayarta ba ta daina ƙara ko da tsakar dare.

Akwai kuma batun yadda ake naɗin. Sau da yawa wadda ta fi kowa daɗewa ko ta fi kowa iya aikin hannu ita ake ɗauka, ranar Juma'a tana nas, ranar Litinin tana manaja, horon sai daga baya in an samu kuɗi. Tun 1969 wani marubuci, Laurence Peter, ya yi wa wannan suna, cewa ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake yi har a kai shi wanda bai iya ba, a nan kuma ya tsaya. A jinya hasarar biyu ce a lokaci ɗaya, wod ta rasa gwanar bakin gado, sannan ta samu manajar da ba a shirya ba.

Abu na uku shi ne yawan mutanen da ke ƙarƙashin manaja ɗaya. Lokacin da asibitoci suka riƙa rage kashe kuɗi, musamman a shekarun 1990, kujerun tsakiya aka fi zubarwa, aka haɗa wod biyu ko uku a hannun mutum ɗaya. Wani bincike da Diane Doran da abokan aikinta suka yi a lardin Ontario na Kanada a 2004 ya nuna cewa in mutanen da ke ƙarƙashin manaja suka yi yawa, amfanin kyakkyawan salon shugabancinta yana raguwa, komai iyawarta. Ma'ana, horo kaɗai ba ya isa in an ba mutum abin da ya fi ƙarfin awanninsa.

Yadda tsanin yake in an gina shi

Babu fasali ɗaya da kowa ya yarda da shi, amma galibi ana raba shi gida uku. Na farko shi ne kafin kujera. Nas tana riƙon shif, daga nan a ba ta mataimakiyar manaja ko a haɗa ta da wata tsohuwar hannu ta riƙa binta na wasu watanni, tana ganin yadda ake rosta da yadda ake zama da ma'aikacin da ya yi laifi, a ba ta wani ƙaramin aiki ta jagoranta kamar rage faɗuwar marasa lafiya daga gado, a ga yadda za ta yi da mutane. Amfanin wannan matakin har da ba ta damar ta ce a'a, wannan ba nawa ba ne, ta koma tsanin bakin gado ba tare da an ce ta gaza ba.

Na biyu shi ne cikin kujerar kanta, kuma nan ne sabon abin yake. Misali a ce mataki uku. Ta farko sabuwa ce, wod ɗaya, tana da mai duba ta. Ta biyu ta tsaya da ƙafarta, tana riƙe kasafinta, ma'aikatanta ba sa yawan guduwa, tana iya gyara matsala ba sai ta kai sama ba. Ta uku kuma ita ke renon sababbin manajoji, tana jagorantar aikin da ya ratsa asibitin gaba ɗaya, ana tuntuɓarta kafin a canza doka. Duk ukun sunansu manaja, amma albashi da iko sun bambanta, kuma ta ukun ba sai ta bar wod ba kafin a san ta girma. Na uku shi ne na sama, darakta zuwa babbar shugaba, inda aikin ya koma tsare-tsare da kuɗi da mu'amala da hukumar gudanarwa.

Abin da ake aunawa a kowane mataki fa? Ƙungiyar shugabannin jinya ta Amurka, AONL, a tsarinta na da ta raba ƙwarewar manaja kashi uku, sanin harkar gudanarwa irin su kuɗi da ma'aikata da inganci, iya tafiyar da mutane, da kuma yadda mutum ke gina kansa a matsayin jagora. Akwai satifiket na ƙwarewa da ake zana wa jarrabawa a can, wasu na manajan wod wasu na manyan shugabanni. A Japan ƙungiyar nas-nas ta ƙasar tana da kwas na masu gudanarwa hawa uku, na farko da na biyu da na uku. Singafo ta raba hanya tun da wuri, bayan nas ta kai wani matsayi sai ta zaɓi layin jinya ko na gudanarwa ko na koyarwa, kowanne da matakansa. A Ingila kuma tun 2004 ana amfani da tsarin albashi na Agenda for Change, sabuwar nas tana farawa a rukuni na 5, manajar wod galibi tana na 7, metiron na 8a, har zuwa na 9. Sai dai wannan na ƙarshe aiki yake aunawa, wato nauyin kujerar, shi ya sa manajar da ta yi shekara biyu da wadda ta yi sha biyu duk suna iya zama a rukuni ɗaya, bambancin ɗan ƙarin shekaru ne kawai da ke tsayawa in an kai ƙarshen rukunin.

Inda ake samun saɓani

Rigima ta farko ita ce takarda da gogewa. Masu goyon bayan a sa sharaɗin digiri suna cewa aikin manaja yau ya haɗa da karanta alƙaluma da kasafi da dokokin aiki, waɗannan kuma ba a tsintar su a bakin gado, kuma in nas za ta zauna teburi ɗaya da likitoci da akantoci ta yi gardama a kan kuɗi gara ta je da takardar da za a saurare ta. Tsarin Magnet yana wannan ɓangaren, yana buƙatar manajoji su riƙe aƙalla digirin farko a jinya, babbar shugaba kuma digiri na biyu. Ɗaya ɓangaren na cewa akwai sistocin da suka riƙe wod shekara ashirin da difloma, kowa ya san su ne ginshiƙin asibitin, in ka ce ba za su hau mataki na uku ba sai sun koma makaranta da kuɗinsu ga yara ga aikin dare, to ka rufe musu ƙofa ka buɗe wa matasan da suka fi su lokaci. Matsakaicin da wasu ke bi shi ne a ba tsofaffin hannu wa'adi, asibiti ya ɗauki nauyin karatun ko ya ba da lokacinsa, a kuma ƙirga gogewa a matsayin wani kaso na sharaɗin. Hakan na rage zafi amma yana da tsada.

Ta biyu ita ce shekaru ko ƙwazo. Ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashe da yawa sun fi natsuwa da lissafin shekaru, kuma dalilinsu ba na banza ba ne, shekaru ba a yi musu son kai, kowa na iya ƙirgawa. Da zarar an ce kwamiti ne zai duba fayil ya ce wance ta cancanta wance ba ta kai ba, an buɗe ƙofar 'yan gaban goshi. Masu gudanar da asibiti su kuma suna cewa lissafin shekaru yana saka wa zama ne kawai, wadda ta gyara wod da wadda ta bar ta ta lalace duk rana ɗaya za su hau. Tsarin da ya fi samun karɓuwa shi ne wanda aka rubuta sharuɗɗansa kowa ya gani tun kafin a fara, kwamitin ya haɗa da manajoji 'yan uwa ba oga ɗaya ba, kuma wadda aka ƙi tana da inda za ta ɗaukaka ƙara a faɗa mata dalili a rubuce.

Ta uku ta fi sauran sarƙaƙiya, wato da me za a auna manaja. Abin da ke zuwa a rai shi ne alƙaluman wod, yawan faɗuwa, gyambon kwanciya, cututtukan da ake ɗauka a asibiti, yawan ma'aikatan da suka bar aiki, ra'ayin marasa lafiya. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗannan ba a hannunta suke ba. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan nas ɗaya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na haɗarin mutuwa cikin kwana 30 ga waɗanda aka yi wa tiyata, da ƙarin kashi 23 na yiwuwar nas ta gaji tilis da aikin. To adadin ma'aikata kuwa sama ake yanke shi. In aka ɗaura ƙarin girman manaja a kan lambobin da ƙarancin ma'aikata ke ɓatawa, abu biyu na iya faruwa, ƙwararru su guje wa wod masu wahala su nemi masu sauƙi, ko kuma a fara ɓoye rahoton kuskure don kada fayil ya ɓaci, wanda shi ne mafi haɗari don asibiti yana gyaruwa ne da kuskuren da aka faɗa. Shi ya sa wasu ke cewa a auna inda ta samu wod ɗin da inda ta kai ta, a kuma saka nauyin wod ɗin cikin lissafi, yawan gadaje da yawan ma'aikata da irin cutar da ake jinya.

Sai kuɗi. Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba, a wurare da dama nas ɗin da ta zama manaja tana rasa alawus na dare da na ƙarshen mako da kuɗin ƙarin awanni, har ta wayi gari babbar nas da ke ƙarƙashinta ta fi ta kwasa a wata, alhali ita ce ke amsa waya ba dare ba rana. Tsanin da bai taɓa wannan ba, canjin suna ne kawai a jikin ƙofa. Masu riƙe da asusun asibiti kuma suna tambaya daga ina kuɗin zai fito, tunda manaja ba ta kawo kuɗin shiga kai tsaye. Amsar masu goyon baya ita ce a lissafa abin da ake kashewa duk lokacin da nas ta tafi, talla da ɗauka da horo da biyan 'yan wucin gadi kafin a cike gurbin, wanda suke cewa manaja mai kyau tana rage shi. Hujjar tana da ƙarfi a inda asibiti ke ɗaukar ma'aikatansa da kansa, tana da rauni a inda ma'aikatar gwamnati ce ke ɗauka da biya, don a can wanda zai kashe kuɗin tsanin daban, wanda zai ga ribar daban.

Abin da zai canza ga nas da mara lafiya

Ga ƙaramar nas, abin da za ta fara gani shi ne hanya a rubuce, ta san in tana son gudanarwa ga abin da za ta tara cikin shekara uku ko biyar, ba sai ta jira a kira ta a ofis ba zato ba. Wannan yana da muhimmanci ga mata musamman, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mata su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya amma kashi 25 kawai na manyan kujeru ke hannunsu, kuma naɗin da ake yi ta hanyar wa ya san wa ya fi cutar da wadda ta tafi hutun haihuwa ko take aikin rabin lokaci. Amma akwai ɗaya gefen, in tsanin gudanarwa ya fi na bakin gado tsoka za a koma gidan jiya, irin abin da Zimmer ta so magancewa da wanda aka soki Salmon a kai, kowa ya nufi ofis. Dole tsanin biyu su yi kafaɗa da kafaɗa a albashi, aƙalla zuwa wani mataki, kuma a iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Ga mara lafiya da danginsa, ba za su taɓa ganin takardar tsanin ba, abin da za su gani shi ne ko akwai wadda za a nuna a ce ita ce mai wod ɗin, kuma ko tana da lokacin zagayawa. Binciken da Robert Francis ya jagoranta kan sakacin da aka yi a asibitin Stafford na Ingila, wanda rahotonsa ya fito a 2013 da shawarwari 290, ya ce manajar wod ta kasance mai sa ido, kada a kulle ta a ofis, kada kuma a riƙa ƙirga ta cikin masu ɗaukar marasa lafiya sai in gaggawa ta taso. Shawarar tana da sauƙin faɗa, amma duk ranar da mutum biyu suka kira ba su da lafiya manaja ce ke ɗaura safar hannu ta cike gurbi, aikin sa ido da renon na ƙasa ya koma sai dare ko a gida. In tsani ya ce 'yar mataki na uku za ta reni sababbin manajoji biyu amma ba a cire mata ko awa ɗaya daga rosta ba, nauyi aka ƙara mata.

Ƙananan asibitoci da na karkara su ne tsarin ya fi wahalar zama a cikinsu. Inda manajoji uku ne kacal ba za a iya kafa kwamitin 'yan uwa ba, babu mai renon wani, kuma wadda aka kashe kuɗi aka horar ita ce babban asibiti ko wata ƙasa za ta fara zawarci, dama rahoton 2020 ɗin nan ya ce nas ɗaya cikin takwas tana aiki ne a ƙasar da ba a nan aka haife ta ko ta yi karatu ba. Hanyar da ake gwadawa ita ce asibitoci da yawa su haɗa tsani ɗaya a matakin yanki ko ƙasa, kwamiti ɗaya da kwas ɗaya, matakin da mutum ya taka ya bi shi duk inda aka mayar da shi. Hakan yana sa satifiket ɗin ya yi daraja, amma kuma yana sauƙaƙa wa mai shi tafiya, shi ya sa wasu ke haɗa horon da yarjejeniyar zama na shekara biyu ko uku, su kuma ƙungiyoyin nas-nas suna cewa in yanayin aikin bai gyaru ba yarjejeniyar jinkirta tafiyar kawai take yi.